Wasiƙar da ake jira kowace safiya

Ben Thompson ɗan Amurka ne, amma daga birnin Taipei na ƙasar Taiwan ya kafa sana'arsa. A 2013 ya fara rubuta sharhi kan kamfanonin fasaha da sunan Stratechery. A 2014 ya ajiye aikin albashi, ya fito wa masu karanta shi da tsari mai sauƙi: sharhi ɗaya a mako kyauta ne ga kowa, wanda kuma yake son na sauran ranaku ya riƙa shigo masa ta imel sai ya biya dala 10 a wata, ko dala 100 a shekara. A wancan lokaci mutane da yawa gani suke ba mai ciro kuɗinsa ya sayi rubutun mutum ɗaya tilo, ga labarai zube kyauta a intanet. Sai ga shi ana biya. Nisan ma alheri ya zame masa, domin Taipei ta riga New York da awa 12 ko 13: yana rubutu masu karanta shi a can suna barci, suna farkawa wasiƙar tana jiransu.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙanƙantar lissafin. Mutum 1,000 idan kowa ya ba da dala 100, an tashi da dala 100,000 a shekara, kuma ba injin buga jarida, ba motar rarrabawa. Tun a 2008 marubuci Kevin Kelly ya yi wannan hasashe, cewa masoya na haƙiƙa guda dubu sun isa su riƙe mai fasaha. Thompson ya nuna haka a aikace. Waɗanda suka kafa Substack, dandalin aika irin waɗannan wasiƙu, a 2017, wato Chris Best da Hamish McKenzie da Jairaj Sethi, ba su ɓoye cewa tsarinsa suka duba ba. Su ke ɗaukar wahalar aikawa da karɓar kuɗi, su cire kashi 10 cikin 100, saura na marubuci.

To me ya sa imel, wannan tsohon abu da samari suke wa kallon kayan ofis? Saboda mai shafi a Facebook ɗan haya ne a rumfar kasuwa: ranar da mai rumfa ya ga dama ya sauya ƙofa, ciniki ya tsaya. A watan Janairun 2018 Facebook ya rage nuna wa mutane abubuwan da kafofin labarai suke wallafawa, kuma kafin ƙarshen Fabrairu kafar wallafa ta intanet mai suna LittleThings, wadda ta dogara da shi ƙwarai, ta rufe. Adireshin imel kuwa, da hannunsa mai karatu ya ba ka. Idan kamfanin da ke aika maka wasiƙun ya ɓata maka, sai ka kwashe adireshin mutanenka ka koma wani, ba wanda zai ɓace.

Amma samun adireshi shi ne mafi sauƙi. Gwanintar tana wajen sa mutum ya buɗe wasiƙar yau, ya sake buɗe ta gobe, har ta shiga jikinsa. A nan ne ake gane gwani. Dubi mai karatu da safe, waya a hannu, saƙonni sun yi masa layi, babban yatsansa yana share su ɗaya bayan ɗaya. Abu biyu kawai yake gani kafin ya yanke hukunci: sunan mai aikowa da ɗan gajeren taken wasiƙar. Sabon shiga yakan ɓata dare wajen ƙirƙiro take mai tayar da hankali, a buɗe a tarar ba komai a ciki. Sau biyu ko uku za a yi wa mutum haka ya daina waiwayowa. Gwani ya san sunan ne jarinsa. Yana so ya kai matsayin da ganin sunansa kawai ya isa a buɗe, don haka ba ya alkawarta a take abin da babu a ciki, ba ya saɓa ranar da ya ce zai aiko, kuma ba ya barin fagen da aka san shi da shi ya shiga kame-kame. Alkawari kaya ne, a wannan sana'a kuwa kusan kullum ake sauke shi.

Akwai kuma sanin abin da za a bayar kyauta, inda marowaci kan yi asara. Thompson ba ya ɓoye mafi kyawun tunaninsa a bayan kuɗi. Sharhinsa na 2015 kan yadda kamfanoni irin su Google da Facebook suke samun ƙarfi ta hanyar tattara masu amfani wuri guda, wanda ya fi komai ɗaukaka sunansa, a fili ya sake shi. Na kyautar shi ke yawo hannu zuwa hannu yana jawo baƙi. Na kuɗin kuma na wanda ya ɗanɗana ne ya ji bai ƙoshi ba.

Ba kowa ke karɓar kuɗi daga mai karatu ba. Alex Lieberman da Austin Rief suna ɗalibai a Jami'ar Michigan suka fara Morning Brew a 2015, taƙaitattun labaran kasuwanci cikin harshen da matashi zai ji daɗin karantawa. Aji-aji suka riƙa bi, da tarukan ƙungiyoyin ɗalibai, suna miƙa takarda a rubuta musu adireshi. Daga baya suka mayar da masu karatunsu 'yan talla: ka kawo abokai kaza a ba ka sitika, ka ƙara a ba ka kofi ko riga. Wasiƙar kyauta ce, masu talla ke biya. A 2020 kamfanin Insider ya sayi kaso mafi tsoka a cikinta.

Wani abin da nake girmamawa ƙwarai shi ne yadda gwanayen suke barin ƙofar fita a buɗe. A ƙasan kowace wasiƙa akwai wurin da mutum zai taɓa ya cire kansa, kuma wata dokar Amurka ta 2003 ta wajabta hakan ga saƙonnin kasuwanci. Masu hankali har gaba suke yi: wanda ya yi watanni bai buɗe ba, sai su tambaye shi ko har yanzu yana so, in ya yi shiru su cire shi da kansu, ko da adadin da suke alfahari da shi zai ragu. Dalilin a bayyane yake. Wanda ba ya so, wata rana zai tura wasiƙar cikin tarkace, kuma kamfanonin imel suna ƙirga wannan. Daga 2024, Gmail ya gindaya wa masu aika saƙo 5,000 ko fiye a rana sharaɗi: su sauƙaƙa fita da taɓawa ɗaya, kuma masu ƙorafi kada su kai 3 cikin 1,000. Wanda ya haura haka, wasiƙarsa na iya daina isa har ga mutanen da suke jiranta.