Jinjina ga makiyayan Burren

Mafi yawan masu ziyartar gundumar Clare a yammacin ƙasar Ailan, gaɓar Moher ke kai su, wadda tsayinta ya kai mita 214 a kan tekun Atlantika. Suna ɗaukar hoto su wuce. Ni kuwa makiyayan Burren, can arewacin gundumar, su nake yi wa jinjina.

Burren shimfiɗar dutsen farar ƙasa ce mai tsage-tsage, da ganinta ka ce ko akuya ba za ta ƙoshi ba. Amma a ƙarshen Oktoba, lokacin da makiyayan tsaunukan Turai suka riga suka sauko, su sai su kora shanunsu sama. Sun gaji sanin cewa dutsen yana riƙe ɗumin bazara, ruwa ba ya kwanciya a kansa, ga maɓuɓɓugai da ke kawowa da hunturu. Shanun su cinye tsohuwar ciyawa, su rage wa sarƙaƙiya ƙarfi, sai furanni su samu fili a watan Mayu, na yankunan ƙanƙara da na Bahar Rum gefe da gefe. Wannan kyan da baƙi ke yabawa, da gumin makiyayi a cikinsa.

Aikin da wuya: hawa cikin ruwa da iska don duba dabbobi, da gyaran katangun dutse marasa siminti. Tun 2005 shirin BurrenLIFE ya fara tallafa musu, daga baya aka riƙa biyan manomi gwargwadon lafiyar makiyayarsa. Sun cancanci fiye da haka.