Ɗan ƙwayan da ke cikin wasanninmu

Duk shekara idan 26 ga watan Yuni ta matso, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ƙungiyoyin ɗalibai da na samari kan duƙufa shirin wasan kwaikwayo. Na kalli irin waɗannan wasanni nan Madarunfa, na kalla a Maraɗi, na kuma karanta gajerun labaran da ƴan uwana marubuta ke yi kan zancen. In gaya muku gaskiya, labari guda ne muke ta juyawa kamar waina a tanda. Yaro ne mai ladabi, ɗan lakkwal. Sai ya gamu da abokan banza a fada. Su miƙa mishi ƙwaya, ya ƙi, su yi mishi dariya, ya amsa. Fitowa ta gaba ga shi nan hula a karkace, yana jan magana, yana tangaɗi, ƴan kallo na ta shewa. Ya saci tunkiyar uwarshi. Daga nan ko dai jandarma su kama shi, ko ya haukace, ko wani dattijo ya yi mishi nasihar minti uku ya fashe da kuka ya tuba. A tafa, a watse.

Ban ce ƙarya aka shirya ba, abokan banza akwai su. Abin da nike suka shi ne mutanen da labarin ke ɓoyewa. Wanda ya ba yaron aiki, da wanda ya ƙera ƙwayar, da wanda ya rubuta doka, ba wanda ya taɓa hawa dandalinmu. Yaron kaɗai muke tsaidawa tsakar fili, shi da halinshi.

Ku dubi tangaɗin nan da muke sa ɗan wasa ya yi. Wancan tafiyar mashayin giya ce, mun aro ta don tana ba da dariya. Mai shan tramol da muka sani ba haka yake ba, aƙalla a farko. Ɗan kabu-kabu ne da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa tun asuba, yana lissafin kuɗin da zai miƙa wa mai moto da yamma kafin ya fidda na tuwo. Ɗan barema ne da aka yanka wa gona da kwangila, in ya gama yau ya amshi kuɗinshi yau. Mai dakon buhuna ne, mai jan ruwa a lambu ne. Yana sha don kada ya ji gajiya, kuma wanda ya ɗauke shi aikin yana yaba mishi, yana cewa yaron nan doki ne. Da kayan aiki tramol ta shigo mana, shaye-shayen daɗi daga baya ya biyo.

Akwai wani labari da ya fi duk wasanninmu bayyana haka. A 2013 wasu masu bincike suka ba da sanarwar sun gano sinadarin tramadol cikin saiwar tafashiya a Kamaru, har aka fara murna wai itacen Afirka na yin maganin da kanshi. A 2014 wasu masanan daga Jamus suka sake dubawa, suka ce ba haka ba ne: manoman arewacin Kamaru ne ke shan ƙwayar suna kuma ba shanun aikinsu, fitsarin mutum da na dabba ya ratsa ƙasa har saiwa ta tsotsa. To shi sa, waɗanne abokan banza ne suka lalata shi?

Yanzu mu je ga ƙwayar kanta. Tramadol magani ne na gaske. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1977 don rage zafin ciwo, kuma wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Amma duba fakitin da ke yashe bakin tasha, za ka ga 200, 225, 250. Mai ƙera irin wanga ya san ba don ɗakin majinyata yake yi ba. Mafi yawan wanda ake kamawa a Afirka ta Yamma daga Indiya yake fitowa, ya sauka tashoshin jirgin ruwa na bakin teku, ya hau mota, ya hau moto, har ya iso tiren mai tallar magani ranar kasuwa. Kowane hannu ya bi sai ya bar riba. A wasanninmu kuwa ƙwaya daga aljihun mugun aboki take fitowa, kamar can aka haife ta.

Nan ne nike ganin ya kamata mu yi karatu wajen finafinan bincike biyu na BBC, ko da yake su ma ina da magana a kansu. Na farko, Sweet Sweet Codeine, ya fito ƙarshen Afrilun 2018. Ƴar jarida Ruona Meyer da abokan aikinta ba su tsaya ga masu shan kodin na Kano ba, sun bi kwalbar baya-baya har suka ɗauki hoton ma'aikatan kamfanonin magani suna sayar da ita ta bayan fage. Cikin kwana ɗaya gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, sannan hukumar NAFDAC ta rufe kamfanoni uku na ɗan lokaci. Abin yabo ke nan: kyamara ta bar fuskar yaro ta koma kan mai kuɗi. Abin da bai kwanta mini ba shi ne yadda aka haska samarin da ke ɗaure da sarƙa a gidan gyaran hali na Ɗorayi. An nuna su don a girgiza mai kallo, kuma an girgiza shi, amma sun zama abin kallo fiye da masu magana. Kusan tangaɗin wasanninmu ne aka mayar abin tsoro.

Fim na biyu, na Fabrairun 2025, shi ya nuna abin da hani kaɗai ke haifarwa. A 2018 Indiya ta tsananta dokar tramadol. Shin buƙata ta mutu? Ina! Sai ga sabuwar ƙwaya, haɗin tapentadol da carisoprodol, da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal 225. Na farkon ya fi tramadol ƙarfi, na biyun an daina amfani da shi a Turai, haɗin nasu kuma babu ƙasar da ta amince da shi a matsayin magani. BBC ta bi sawunshi har kamfanin Aveo da ke yankin Mumbai. Kamfanin ya musanta laifi, amma hukumomin Indiya sun hana yin haɗin da fitar da shi. Shekara bakwai tsakanin finafinan biyu, sunan da ke kan fakiti ya canza, ɗan kabu-kabu na nan da lissafinshi na yamma.

Mu nan muna da doka mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumban 1999 kan yaƙi da ƙwaya, muna da hukumar OCRTIS, kuma tramadol na cikin jerin abubuwan da aka tsaurara. Ana kamawa, ana ƙonawa gaban hukuma, ba na raina wanga aiki. Sai dai mu ƴan bakin iyaka mun ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023. Kaya sun yi tsada, sana'o'i sun tsaya, ƙwaya ba ta yanke ba. Abu ne marar nauyi mai yawan riba, hanyar daji ta ishe shi. Wanda hannu ya fi saurin kaiwa gare shi kuwa shi ne mai ƙwaya biyar cikin aljihu. In wasanmu ya ƙare da an tasa ƙeyar wanga yaro zuwa kaso ƴan kallo suna tafi, mi muka koya musu? Cewa an gama magana.

Ƙarshen da ya fi damuna shi ne na tuba. Nasiha na da amfani, niyya ita ce farko, ba wanda ke musu. Amma jikin da ya saba da tramol ba ya jin wa'azi. Ranar da mutum ya daina, ciwon gaɓoɓi zai taso, da zufa, da gudawa, da rashin barci, da faɗuwar gaba marar dalili. Shi ya sa likitoci ke rage wa mutum kaɗan-kaɗan maimakon yankewa lokaci guda. Mai yawan sha kuma na iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya, mutane su ce iska ce. Komawa bayan an daina abu ne da ke yawan faruwa, ba shaidar cewa mutum ɗan wuta ne ba. Idan mun koya wa iyaye cewa daina sha aikin minti uku ne, to duk yaron da ya kasa mai taurin kai ne ke nan, mai taurin kai kuwa an san maganinshi: mari. A Satumban 2019 ƴan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Wata na gaba aka buɗe wani a Daura. Iyaye ne suka kai mafi yawansu da hannunsu, suna biyan kuɗi, don ba su ga wata ƙofa ba.

Wace ƙofa za su gani? Ku tambaya a kowace fada ina ake kai wanda ƙwaya ta kama. Za a ce kaso, ko wajen malam, ko a yi dariya a ce Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, sama da kilomita 600 daga nan. Wanda ya yi ƙoƙari ya daina kuma, sunan na biye da shi. Ya je neman aure a ce ai ɗan ƙwaya ne, mai moto ya ce ba zai ba shi makulli ba. Ya koma fadar da ta rage tana amsarshi, wadda ya baro.

Wasan da nike son gani a Yuni mai zuwa zai fara daga inda namu ke ƙarewa. Kwana na uku da dainawa, damina ta faɗi, an yanka wa yaron gona da kwangila, hannunshi na rawa bisa ƙotar hauya. Ƙanenshi na jiran kuɗin littafi. Mai tiren magani, wanda maƙwabcinsu ne kuma shi ma bashi ke kanshi wajen wani dillali, ya ratso gefen gonar ya yi sallama. Marubucin da ya iya rubuta abin da za su ce wa juna, ya kawo mu buga a fitowa ta gaba.