Kuntigin Ɗan Maraya a Zauren Biki

Tun ina yaro a rumfar Baba nake jin Ɗan Maraya Jos a Rediyon Kaduna, amma sai da furfura ta fito na gan shi ido da ido, a liyafar wani biki a Garki. Na san wasu za su ce, "Liman a wurin kiɗa?" To, Jawabin Aure ya fi huɗubobinmu da yawa shiga kunnen ma'aurata, ni shaida ne.

Murya ta ɗan sauka, shekaru ne, amma hannu na nan daram. Gwangwani ne fa da fatar akuya da tsirkiya ɗaya tak, sai ka rantse mutum biyu ke zance. Da ya ɗauko Karen Mota, wani tsohon direba kusa da ni sai share hawaye yake.

Masu shirya bikin ne suka ɓata min rai. Suka jona masa fiyano da lasifika irin ta kamfen, kuntigi ya nutse. Masu liƙi kuma suka yi masa rumfa, kowa so yake a ambaci sunansa. 'Yan kamasho da leburorin da ya saba yi wa waƙa kuwa suna bakin get, ba su da kati.