Azara, Darbejiya da Gara a Tudun Wadar Zariya

Maginan Zazzau na dā ba sa jira sai gara ta shiga itace kafin su nemi magani. Tun wurin sara suke tare mata hanya. Shi ya sa suka riƙi azara, wadda ake tsagawa daga giginya, musamman namijin da ya tsufa, don ɓarinsa na waje yana da tauri da tsinkaye baƙaƙe da gara ba ta iya ci da sauƙi. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, a kan azara bakan-gizonsa ke tsaye. Makubar da ake yi da ɓawon ɗorawa kuwa aikinta hana ruwa ratsa bango, kuma inda babu laima gara ba ta sakewa.

A Tudun Wada yau lamarin ya sauya. Rufin kwano ake yi, a kan farin katako mai taushi irin malaina, sau da yawa bai ma gama bushewa ba. Kafinta ya shafa masa baƙin mai na mota, ko Solignum idan mai gida na da hali, a ɗora kwano. Baƙin man yana ɗan taimakawa, amma yana ɗauke da dattin inji, kuma ragowarsa a ƙasa ake zubarwa, a unguwar da rijiyoyi suka yi yawa.

Nan darbejiya ta shigo. Baƙuwa ce daga Indiya, an fara shuka ta a Borno a 1928, yanzu ga ta bakin kowane titi, 'ya'yanta na zuba ana sharewa. A 1959 masanin ƙwari Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye ganyaye ta bar nata, a 1968 kuma aka ware sinadarin azadiraktin da ke hana ƙwari ci da girma. Man ƙwallonta yana korar gara, wannan gaskiya ne.

Sai dai ina jin tsoron masu zuzuta shi fiye da ƙima. Rana na kashe ƙarfinsa, ruwa na wanke shi, shafawa kuma fatar katako kawai take kamawa. Ya dace da sili, ƙyaure da kabad, idan itacen ya bushe, aka jiƙa bakunansa da man sosai, ana kuma sabuntawa. Dirkar da za a binne a ƙasa kuwa sai kirya ko azara.

Su ne kuma ke ƙaranci, domin giginya na shekaru da dama kafin ta isa sara, ana ta sarewa ba a shukawa. Masu binciken Samaru da kafintocin Tudun Wada su zauna su gwada man nan a kan katakon da ake sayarwa a kasuwa, manoma kuma a taimaka musu su koma shuka giginya.