Gani Odutokun: Tsakanin Katari da Tsari

A cikin masu zanen da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta yaye, kaɗan ne suka bar tasiri irin na Gani Odutokun. An haife shi a garin Nsawam na ƙasar Gana a shekarar 1946, iyayensa kuwa Yarabawa ne ƴan asalin Offa. Ya sami digirinsa na farko a Zariya a 1975, na biyu a 1979, kuma a nan ya zauna yana koyarwa har ƙarshen rayuwarsa.

Ginshiƙin fasaharsa shi ne haɗa katari da tsari. Yakan tsinka fenti ya zuba a kan ƙyalle, ya bar shi ya kwarara inda ya ga dama, sannan ya bi sawunsa da buroshi, ya fitar da siffa daga abin da ya faru ba da niyya ba. A ganinsa haka rayuwa take: mutum na nasa shiri, ƙaddara na nata.

Sai dai kuskure ne a ɗauka launi kaɗai ya dame shi. A zanensa mai suna "Sarki na Raha da Janar-janar Ɗinsa" ya yi wa masu mulki zambo a zamanin da soja ke riƙe da Nijeriya. A "Zantawa da Mona Lisa" na 1991 kuwa, gunkin Afirka ne ke zana baturiyar, ita kuma tana sassaƙa shi. Wato kowanne na siffanta ɗan'uwansa, babu malami babu ɗalibi.

Raunin wannan hanya a fili yake. Kwararar fenti na da saurin burge ido, har mai koyo ya zaci zubawar ita ce gwaninta. Abin da ya kuɓutar da Gani shi ne ƙwarewar hannunsa a zanen siffa, wadda ta ba shi ikon sanin inda zai tsayar da katari. Wanda ya kwaikwayi zubin bai mallaki hannun ba, tabo kawai zai samu.

Ya rasu a haɗarin mota a watan Fabrairun 1995, a kan hanyar dawowa daga wani baje kolin zane a Legas. A shekarar 2000 aka nuna ayyukansa da na waɗanda suka bi sahunsa a birnin Landan. Malaman da ke koyar da zane, a Zariya ne ko a Birnin Ƙonni, suna da abin ɗauka a nan: a fara horar da hannun yaro, sannan a sake shi.