Matsayin Harshe a Fim ɗin Black Panther: Wakanda Forever

Wanda ya sake kallon wannan fim na kamfanin Marvel, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni a 2022, zai lura cewa ta'aziyyar Chadwick Boseman, da ya rasu a 2020, ta rufe wata matsala ta harshe a kallon farko.

An bai wa mutanen Talokan harshen Maya na Yukatan, kuma da shi Namora da Attuma suke magana kusan ko'ina. Hatta sunan Namor yana ɗauke da tarihin mulkin mallaka, domin daga la'anar wani limamin Kirista ɗan Sifaniya ya samo asali, alhali jama'arsa K'uk'ulkan suke kiransa. A nan harshe ya shiga cikin jigo sosai.

Wakanda kuwa ba ta sami wannan gata ba. Harshen Xhosa, wanda John Kani ya shigo da shi tun fim ɗin Captain America: Civil War na 2016, bai cika wuce gaisuwa da kirarin yaƙi da 'yan gajerun jimloli ba. Da Ingilishi majalisar dattawa take muhawara, a ƙasar da aka ce Bature bai taɓa mallaka ba. A ganinmu, wannan ya raunana ginin labarin tun daga tushe.