Kalma a Bakin Mai Talla: Nazari kan Harshen Ciniki a Ƙasar Rano da Kibiya

Talla, wato shelar da mai kaya yake yi domin jawo hankalin mai saye, tsohuwar al'ada ce a ƙasar Rano, wadda tarihin Hausa Bakwai ya haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba, saboda rini da sana'o'in hannu. A kasuwannin mako na wannan yanki, daga Rano da Rurum zuwa Kibiya da Tarai, inda mafi yawan masu saye manoma ne da suka san mai kaya har gidansu, kalmar da aka zaɓa takan yi aikin da farashi kaɗai ba zai yi ba.

Abin da ya fi fitowa fili shi ne yadda harshen ciniki yake kare mutuncin mai saye. Idan an taya kaya, wato an ambaci kuɗin da ake son biya, kuma tayin bai kai ba, mai kaya yakan ce albarka, kalmar da take ƙin tayin amma take barin ƙofar ciniki a buɗe, domin babu wanda zai ji an kunyata shi a gaban jama'a da addu'a. Haka nan gogaggen ɗan kasuwa yakan guji yawan kiran kayansa da araha, tunda karin magana ya riga ya koya wa mutane cewa araha ba ta ado, sai ya ce ya yi rangwame, ko ya ƙara gyara, wato ɗan abin da ake ɗorawa a kan tiya bayan an gama awo. Kuɗin da mai saye ya amfana da shi zai iya zama ɗaya a duka ukun, sai dai araha tana sa a zargi ingancin kaya, rangwame yana nuna an duba halin mutum, gyara kuwa kyauta ce da take sa a dawo mako mai zuwa.

Wannan tsari yana tafiya ne bisa sanayya, shi ya sa shigowar lasifika ta sauya shi. Mai maganin gargajiya ko mai sayar da maganin feshi da ya zo a mota, ya kunna muryar da aka naɗa, yana maimaita sahihi da ingantacce da garaɓasa, ba lalle ne a sake ganinsa ba idan kayan suka zama jabu, kuma manomin da ya fesa wa gonarsa ruwan banza shi kaɗai zai ɗauki asarar damina guda. Wasu masu maganin har sukan jawo taro da batsa, abin da dattawa da malamai suka daɗe suna kuka da shi.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana da ikon tantance tallan magunguna, haka ma ARCON da ta gaji APCON a 2022 take kula da tallace-tallace, amma idonsu ya fi kaiwa ga rediyo da talabijin fiye da kasuwar ƙauye. Musulunci ya riga ya haramta algus da rantsuwar ƙarya a ciniki, don haka nauyin ya fi rataya a kan sarakunan kasuwa da shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, su riƙa neman shaidar rajista daga duk baƙon da ya zo talla da lasifika kafin a ba shi wurin tsayawa.